Yadda ake gano fayil ɗin da ya ɓace bayan an turo shi ta waya, ba tare da an kwaso bairos ba

Duk lokacin da aka buɗe rajistar ɗalibai a Sakkwato, da wuya yini ya wuce ba a shigo shagon kwamfutar da nake aiki da magana iri ɗaya ba: "Malam, an turo mini takarda ta WhatsApp, jiya ma na gan ta da idona, yau kuma na neme ta sama ko ƙasa na rasa." Wani takardar samun gurbin karatu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yake nema, wani rasit ɗin kuɗin makaranta, wata hajiya hotunan atamfofin da aka turo mata daga Kano, wani dattijo kuma karatun malaminsa da aka naɗa aka saka a zaure. Galibi abin da suke nema yana nan cikin wayar, mazauninsa ne kawai ba su sani ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, kafin su iso wurina da yawansu sun riga sun sauke manhajoji biyu ko uku masu alƙawarin dawo da abin da aka goge, ko sun buɗe duk fayil ɗin da aka sake turo musu ba tare da sun duba ko mene ne ba, har garin neman gira a rasa ido. Shi ya sa na rubuta tsarin da ni kaina nake bi: a fara da wurin da ya fi sauƙi kuma babu haɗari a cikinsa, kuma har a gama nema kada a girka sabuwar manhaja ko ɗaya. Tun da yawancin wayoyinmu da Turanci suke ba da umarni, zan rubuta sunayen wuraren da ake dannawa yadda suke fitowa a fuskar waya.

Kafin ka taɓa komai

Kada ka goge WhatsApp da niyyar sake girka shi, kada ka danna manhajar share tarkace, kada kuma ka share hirar da fayil ɗin ya zo a cikinta. Kowane ɗaya daga cikin ukun nan yana iya mayar da fayil ɗin da ya ɓuya kawai ya zama wanda ya tafi har abada. Maimakon haka, ka natsu ka tuna wanda ya turo, da manhajar da ya turo ta cikinta, da kusan ranar, da irin abin, wato takarda ce ko hoto ko murya ko bidiyo. Tambayar da ta fi waɗannan duka nauyi ita ce ko ka taɓa buɗe shi a wannan wayar. Ganin saƙo ya iso daban yake da saukar fayil. Mutane da yawa, saboda tsadar data, suna kashe saukewa ta kai tsaye a Settings, Storage and data, Media auto-download, kuma dabara ce mai kyau, sai dai ma'anarta ita ce duk fayil ɗin da ba ka danna kibiyarsa ya sauka ba bai taɓa shiga ma'ajiyar wayarka ba, don haka neman sa a can ɓata lokaci ne.

Fara da hirar kanta

Buɗe hirar wanda ya turo, ko zauren da aka saka abin, ka danna sunan da ke sama, sannan ka shiga Media, links, and docs. A nan WhatsApp ya ware hotuna da bidiyo gefe guda, takardu gefe guda, adireshin intanet kuma gefe guda, duka a jere bisa kwanan wata. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya duba ɓangaren Media kaɗai ya ce babu, alhali hoton da yake nema a matsayin takarda aka turo shi don kada ingancinsa ya ragu, yana zaune a ɓangaren Docs. Idan ka manta wanda ya turo, ka koma babban shafin hirarraki ka danna wurin bincike, ka zaɓi Documents ko Photos ko Audio, zai jero maka duk irin wannan fayil daga kowace hira. Idan ka tuna kalma ɗaya daga sunan takardar, ko daga maganar da aka rubuta a kusa da ita, rubuta ta ya wadatar.

Idan hirar ce gaba ɗaya ba ka gani, ka duba Archived da ke saman jerin, ka kuma ja jerin ƙasa ko akwai Locked chats, domin hirar da aka kulle ba ta fitowa tare da sauran. Ka kuma tabbata a WhatsApp ɗin da ya dace kake nema, don 'yan kasuwarmu da yawa suna da na gida da WhatsApp Business a waya ɗaya, kowane da lambarsa da ma'ajiyarsa.

Idan ka ga saƙon amma da kibiya a kansa, ka danna ya sauka. In ya ƙi, abu uku ne suka fi jawo haka: ma'ajiyar waya ta cika, ko kwanan wata da agogon wayar sun kauce, ko sabis ya yi rauni. Ka gyara su ka sake gwadawa. In kuma ya ce ka nemi mai shi ya sake turowa, to kwafin da ke wurin kamfanin ya ƙare, domin WhatsApp ba rumbun ajiya ba ne. Ko saƙon da bai samu isa ga mai shi ba, kwana 30 kawai yake jira kafin a share shi.

Akwai kuma fayil ɗin da tun asali ba mai zama ba ne. Idan an kunna saƙo mai ɓacewa a hirar, za ka ga alamar agogo a jikin hoton hirar, kuma saƙonni suna share kansu bayan awa 24, ko kwana 7, ko kwana 90, gwargwadon abin da aka zaɓa. Hoton da aka turo da tsarin gani sau ɗaya ba ya ajiyuwa ko kaɗan, kuma in ba a buɗe shi cikin kwana 14 ba ya tafi. Wanda ya turo yana da kimanin kwana biyu da zai iya goge saƙonsa daga wayar kowa, shugaban zaure ma yana da ikon goge na wani. A irin waɗannan, babu wata manhaja da za ta dawo maka da shi, mai shi ne kaɗai zai iya.

Shiga ma'ajiyar wayar

A nan ne na fi samun abin da mutane suka fid da rai da shi. Kowace wayar Android, Tecno ce ko Infinix ko itel ko Samsung, tana zuwa da manhajar duba fayiloli, wadda ake kira File Manager ko My Files ko Files. Buɗe ta ka shiga Internal storage. A tsofaffin wayoyi za ka ga folda mai suna WhatsApp a fili, da Media a cikinta. Amma tun daga Android 11, wanda ya fito a 2020, mazaunin ya sauya, kuma wannan sauyi ne ya sa mutane da yawa suka ɗauka kayansu sun salwanta, musamman bayan sun sayi sabuwar waya. Hanyar yanzu ita ce ka shiga Android, sai media, sai com.whatsapp, sai WhatsApp, sai Media. Na 'yan kasuwa kuma yana cikin com.whatsapp.w4b, a wannan foldar ta media.

A cikin Media za ka tarar da WhatsApp Documents, WhatsApp Images, WhatsApp Video, WhatsApp Audio da WhatsApp Voice Notes. A cikin na takardu da hotuna da bidiyo akwai ƙananan folda biyu da ya kamata ka san aikinsu. Sent tana riƙe abin da kai ka tura wa wani, kuma tana da amfani ƙwarai idan ka taɓa tura wa wani takardar da kake nema. Private kuwa nan ne hotuna da bidiyo suke sauka idan an kashe Media visibility, ko ga wayar gaba ɗaya a Settings, Chats, ko ga zaure ɗaya. Abin da ya shiga Private ba ya fitowa a Gallery, saboda akwai wani ɗan ɓoyayyen fayil mai suna .nomedia da ke hana Gallery leƙa foldar. Hajiyar da na ambata ta yi kwana biyu tana zargin yaran gida da goge mata hotuna, ashe ita da kanta ta kashe wannan saiti watannin baya don hotunan zaure sun dame ta, ta kuma manta. Hotunan suna nan cif a Private.

Sanin yadda WhatsApp yake raɗa wa fayil suna yana rage wahala matuƙa. Hoto yana farawa da IMG, bidiyo da VID, sauti da AUD, saƙon murya da PTT, sai kwanan wata, shekara a gaba sannan wata sannan rana, sai WA da lambar jeri. Saboda haka IMG-20240312-WA0005.jpg hoto ne da ya shigo ranar 12 ga Maris, 2024. Idan ka tuna ranar, ka rubuta 20240312 a wurin binciken manhajar fayiloli, duk abin da ya shigo a ranar mai irin wannan suna zai fito. Takardu galibi suna riƙe sunansu na asali, wani lokaci kuma su zo da DOC a gaba. In ba ka tuna suna ko rana ba, ka sa a jera fayilolin bisa kwanan wata, sabo a sama, ka bi su a hankali.

Masu neman karatun malamai su lura da wannan sosai. Muryar da aka naɗa kai tsaye a WhatsApp tana cikin WhatsApp Voice Notes, a ƙananan folda masu lambar shekara da mako, kamar 202415, wato mako na 15 na 2024, kuma sunanta yana ƙarewa da .opus. Manhajar sauraron sauti ta waya ba ta jero irin waɗannan, shi ya sa mutum zai rantse karatun ya ɓace. Idan ka gano shi, ka kwafe shi zuwa wata folda da ka ƙirƙira da kanka, ka sauya masa suna zuwa wanda za ka gane.

Kafin ka bar nan, ka leƙa foldar Download da ta Documents, da memori idan akwai shi a wayar, da foldar Xender in da shi aka taɓa tura maka abin hannu da hannu. Sannan ka duba kwandon shara, wanda ake kira Trash ko Recycle bin ko Recently deleted, a Gallery da kuma manhajar fayiloli, don kowace da nata. A yawancin wayoyi abin da aka goge yana kwana 30 a can kafin ya tafi.

Telegram ya fi sauƙi, domin shi yana ajiye fayilolin hirarraki a wurinsa, in ban da hirar sirri da ake kira Secret Chat. Ko an share fayil daga waya, muddin saƙon yana nan za ka iya sake sauke shi, sannan ka danna ɗigo ukun da ke jikinsa ka zaɓi Save to Downloads don ya samu mazauni na dindindin. A iPhone kuma ba a shiga foldar WhatsApp kamar a Android: hoto yana Photos idan an kunna ajiyewa a can, takarda kuma tana cikin hirar har sai ka zaɓi Save to Files da kanka.

Idan a kwamfuta ka karɓa

Wanda ya sauke fayil ta WhatsApp Web ya danna Ctrl da J a tare a cikin burauzar, zai ga jerin abin da ya sauke, da alamar da za ta kai shi foldar da kowanne yake, wadda galibi Downloads ce. Telegram na kwamfuta yana ajiyewa a Telegram Desktop, cikin Downloads ɗin. In ba a nan yake ba, ka buɗe File Explorer ka rubuta *.pdf ko *.docx a wurin bincike, ka jera sakamakon bisa kwanan wata, ka kuma duba Recycle Bin. Takardar da ka taɓa buɗewa da Word tana cikin jerin Recent, a ƙarƙashin File, Open.

Akwai wuri ɗaya da kusan kowa yake tsallakewa, kuma shi ne mahaɗar ɓatan fayil da maganar bairos. Buɗe Windows Security, ka shiga Virus & threat protection, sannan Protection history. Sau da yawa fayil ɗin da mutum ya ga ya sauka sannan ya ɓace nan take, mai gadin kwamfutar ne ya kama shi ya killace, don ya gano cuta a cikinsa. Idan ka gan shi a nan, kada ka danna Restore ko Allow, komai matsuwarka. Na sha ganin wanda ya kashe mai gadin gaba ɗaya don takardarsa ta samu sauka, kuma wannan daidai yake da buɗe wa ɓarawo ƙofa don ya yi sallama da sunan ɗan'uwanka.

Sake turowa, da ajiyar ko-ta-kwana

Idan duk wannan bai yi ba, hanya mafi sauƙi ita ce ka roƙi mai shi ya sake turowa, ko wani daga cikin 'yan zauren da ya sauke. Mutanenmu suna jin nauyin wannan, musamman idan malami ne ko babba a wurin aiki ya turo, amma a ganina jin nauyin minti ɗaya bai kai asarar waya ba.

Dawo da ajiyar ko-ta-kwana ta Google Drive ko iCloud ita ce ta ƙarshe, kuma ba na gaggawar ba da shawararta. Ka fara duba Settings, Chats, Chat backup ka ga ranar ajiyar ƙarshe. Za ta amfane ka ne kawai idan an yi ta a lokacin da fayil ɗin yake cikin wayar, kuma bidiyo ba ya shiga sai an kunna Include videos. Dawo da ita yana buƙatar goge WhatsApp a sake girkawa da lamba ɗaya da asusun Google ɗaya, kuma duk saƙon da ya shigo bayan ranar ajiyar zai salwanta.

Manhajojin dawo da abin da aka goge kuwa, ka bar su. Ma'ajiyar wayoyin zamani a kulle take da sirri, kuma Android ba ya barin manhaja ta tona ƙarƙashinta, saboda haka abin da suke nuna maka ƙananan kwafin hotuna ne dishi-dishi da suka rage a waya, bayan sun cika ta da talla sun kuma karɓi izinin ganin duk fayilolinka. Memori da filashi ne ake iya ceto wani abu daga cikinsu, a kwamfuta, da irin PhotoRec ko Windows File Recovery na Microsoft, da sharaɗin a daina ajiye komai a kansu tun daga lokacin da aka lura.

Duba wutsiyar suna kafin ka buɗe

To, ka samu fayil ɗin, ko an sake turo maka. Kafin ka danna shi, ka karanta sunansa har ƙarshe. Haruffan da ke bayan ɗigo na ƙarshe, waɗanda nake kira wutsiyar suna, su ne suke faɗin ainihin abin da fayil yake. Takarda tana ƙarewa da .pdf ko .docx ko .xlsx, hoto da .jpg ko .png, sauti da .mp3 ko .opus, bidiyo da .mp4. Amma .apk manhajar Android ce, haka kuma .exe, .msi, .scr, .bat, .cmd, .vbs, .js da .lnk duk umarni ne da kwamfuta za ta zartar da zarar an danna. Babu katin gayyatar biki, ko jerin sunayen waɗanda aka ɗauka aiki, ko fom ɗin tallafi, ko rasit ɗin banki da yake zuwa da irin wannan wutsiya. Idan ka danna abin da aka ce maka takarda ce sai waya ta nuna maka Install, ka koma baya nan take ka goge shi.

Dabarar wutsiya biyu tsohuwa ce amma har yau tana ci. A watan Mayun 2000 wani bairos da ya taso daga Filifins ya bazu ta imel ya kama miliyoyin kwamfutoci a duniya, da fayil mai suna LOVE-LETTER-FOR-YOU.TXT.vbs. Da yake Windows yana ɓoye wutsiyar ƙarshe, mutane sun ga TXT sun ɗauka wasiƙa ce. Har yanzu haka Windows yake zuwa, don haka ka buɗe File Explorer, ka shiga View, ka kunna File name extensions, wanda a Windows 11 yana ƙarƙashin Show. Daga ranar, fayil mai suna rasit.pdf.exe ba zai ƙara yaudararka ba. Ka kuma yi hattara da fayil ɗin .zip ko .rar da aka kulle da kalmar sirri aka turo kalmar tare da shi, domin ana yin haka ne sau da yawa don mai gadi ya kasa leƙa ciki. Takardar Word ko Excel da ta ce sai ka danna Enable Content kafin ka ga rubutunta, ita ma ka rufe ta.

Sanin wanda ya turo ba hujja ba ce, domin idan aka ƙwace WhatsApp ɗin mutum, 'yan'uwansa da abokansa ake fara tura wa tarkon da sunansa da hotonsa. Idan abin da ya zo ba ka sa ransa ba, ka kira shi ta layi ka ji muryarsa: "Yaya, kai ne ka turo mini wannan takarda yanzu? Ta mece ce?" Kada ka tambaya a cikin hirar, don mai yiwuwa ɓarawon ne zai amsa.

Ga masu Android, haɗarin gaske yana cikin izinin da manhaja take nema bayan an girka ta. Wadda ta samu izinin karanta SMS tana ganin lambobin tabbatarwa da banki yake turowa, wadda kuma ta samu izinin Accessibility tana iya karanta abin da ke fuskar waya har ta danna abubuwa a madadinka. Saboda haka ka shiga Settings ka bincika Install unknown apps, ka tabbata ba a ba WhatsApp ko Telegram ko Chrome ko manhajar fayiloli izinin girka manhaja ba. Sannan ka buɗe Play Store, ka danna hotonka, ka shiga Play Protect, ka tabbata yana kunne, ka danna Scan. A kwamfuta kuma ka danna fayil ɗin da maɓallin dama na linzami ka zaɓi Scan with Microsoft Defender. Shafin VirusTotal yana gwada fayil da injinan kamfanonin tsaro masu yawa a lokaci ɗaya, kyauta, sai dai abin da aka ɗora a can masu binciken tsaro suna iya ganinsa, don haka kada ka ɗora takarda mai ɗauke da NIN ko BVN ko bayanin asusunka.

Dole in yi magana a kan jabun WhatsApp irin su GBWhatsApp, domin matasanmu da yawa suna girka su ne daidai saboda wannan matsala, wai don su riƙa ganin abin da aka goge. Ba a Play Store ake samun su ba, babu wanda ya san abin da aka cusa a cikinsu, kuma a 2021 kamfanin tsaro na Kaspersky ya gano bairos mai suna Triada a cikin wani kwafin FMWhatsApp. WhatsApp ma yana rufe lambar da ya kama tana amfani da su. Na gaskiyan kuma ka riƙa sabunta shi ko da zai ci data, domin a 2019 an yi amfani da wata kafa a tsarin kiransa aka kai wa wayoyin mutum kimanin 1,400 hari da manhajar leƙen asiri ta Pegasus, kuma sabuntawa ce ta toshe kafar.

Filashi da shagunan buga takardu

Yawancin takardun da aka turo ta waya a shagon kwamfuta suke ƙarewa don a buga su, kuma filashin da ya shiga kwamfutoci goma a yini yana kwaso abin da ke cikinsu. Alamar da aka fi sani ita ce ka buɗe filashi ka ga foldojinka sun koma gajerun hanyoyi masu 'yar kibiya a gindi, ko ya nuna a cike yake amma babu komai. Fayilolinka suna nan, ɓoye su aka yi, kuma danna gajeriyar hanyar shi ne yake tayar da bairos ɗin. Kada ka danna, kada kuma ka yi masa fomat, wato share duk abin da ke cikinsa. A kwamfuta mai tsabta ka fara bincikar filashin da Microsoft Defender, sannan ka buɗe Command Prompt ka rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* ka danna Enter, bayan ka sauya E da harafin da kwamfutar ta ba filashinka. Fayilolin za su bayyana, ka kwashe naka kaɗai, sannan ka yi fomat. Mu masu shaguna ma akwai hakki a kanmu, kuma ni na fi son a turo mini takardar ta waya a kan a miƙo mini filashi. Idan kuwa ka haɗa WhatsApp ɗinka da kwamfutar shago, kafin ka fita ka shiga Linked devices a wayarka ka cire ta.

Idan aikin gama ya gama

Wanda ya riga ya girka abin da bai yarda da shi ba ya kashe data da Wi-Fi nan take, kuma kada ya buɗe manhajar banki a wannan wayar. Da wata wayar daban ya kira bankinsa ta lambar da ke bayan katin ATM, ko ya je reshe da kansa, ya sa a dakatar da fitar kuɗi, sannan ya sauya lambobin sirrinsa da kalmar sirrin Google. Bayan haka ya shiga Settings, Apps, ya nemo manhajar, wadda wani lokaci ba ta da suna ko tambari, ya goge ta. In ta ƙi goguwa, ya bincika Device admin apps da Accessibility ya janye mata izini, ko ya tayar da wayar a Safe mode, wato yanayin da manhajojin da aka girka daga baya ba sa aiki, wanda a wayoyi da yawa ake samu ta hanyar danne Power off a fuskar waya na ɗan lokaci, ya goge ta daga can. Idan har yanzu waya tana zafi ba dalili, ko tana tura saƙo da kanta, ko talla tana faɗowa ko'ina, sai a kwashe hotuna da takardu kaɗai, ban da kowane .apk, a mayar da ita yadda ta fito daga kamfani.

Idan WhatsApp ɗin ne aka ƙwace, ka sake yin rajista da lambarka, domin shigar da lambobi 6 da za su zo ta SMS yana fitar da wanda ya shiga. In ya riga ya sa nasa PIN, za ka jira kwana 7 kafin ka iya shiga ba tare da shi ba, kuma a cikin kwanakin nan ka sanar da 'yan'uwa da shugabannin zaurukan da kake ciki ta kiran waya cewa kada su buɗe ko su biya komai da sunanka. Da zarar ka dawo, ka shiga Settings, Account, Two-step verification, ka sa PIN naka mai lamba 6, ka haɗa shi da adireshin imel ɗin da kake iya buɗewa.